Turancin da Na Yi wa Malam

Mutumin da ya koya mini Turanci shi ne mutumin da na cuta da Turanci. Gara in faɗi haka tun daga farko, don kada a ji ina ba da labarin ƙuruciya da daɗin baki a ɗauka abin alfahari zan kawo.

Malaminmu ne na aji shida, a firamaren wani ƙauye kusa da Darini, inda aka haife ni. Mutumin Safana ne, aiki ya kawo shi ƙasar Batsari tun yana saurayi, ya yi zamansa. Dogo ne siriri, kullum da guntun alli a aljihun gaban riga, har aljihun ya yi fari ya ƙi wankuwa. Abin da ke cikin littafi yake koya mana kamar kowane malami, sai dai ran Alhamis, a darasin ƙarshe, yakan rufe littafin ya rubuta magana ɗaya a allo, irin salon maganar Turawan nan da in ka bi ta kalma-kalma sai ka ɓace. Ba ya yarda a fassara masa. Cewa yake kowace maganar Bature tana da 'yar'uwa a gidanmu, aikinmu shi ne mu nemo ta.

Ranar da ya rubuta "it is raining cats and dogs" mun fi minti goma muna zare ido. Ya gaya mana Bature yana faɗin haka ne in ruwan sama ya tsuge, ya kuma hana mu tambayar laifin da kyanwa ta yi. Ni na ɗaga hannu na ce, "Ruwa kamar da bakin ƙwarya." Ya ajiye allin ya tafa mini da kansa. Daga ranar na kamu. "Spill the beans" muka samo mata fasa ƙwai. "Beat about the bush" muka ce kwana-kwana. "Pull up your socks" ta ba mu dariya, don a ajin nan kaf babu mai safa, rabinmu ma takalmin sai ran sallah, amma muka gano zage damtse ake nufi. Na samu wani tsohon littafin rubutu na yayana, na yage shafukan da ya ɓata, na riƙa tara su: ta Bature a hagu, tamu a dama.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini faɗa a kansu. Wani dattijo ya rasu a unguwarmu, aka ce mu rubuta abin da ya faru a mako, ni kuma don rawar kai na rubuta cewa dattijon ya yi "kick the bucket". Malam ya kira ni bayan an tashi. Ya ce ma'anar daidai take, mutuwa ake nufi, amma magana ce ta shaƙiyanci, daidai da a ce mutum ya sheƙa barzahu. Ya tambaye ni ko zan iya shiga gidan da ake zaman makoki in faɗi haka. Na ce a'a. Ya ce to kada in ƙara, sanin ma'ana daban, sanin inda ake ajiye magana daban. Ya sa na sake rubutun a tsaye a gabansa.

Da muka gama aji shida mahaifina ya ce karatun boko ya isa haka, gona tana jira. Sau uku Malam yana zuwa zaurenmu bayan la'asar, ya zauna a ƙasa, ya yi ta gaisuwa da zancen damina kafin ya taɓo maganata. A zuwa na uku mahaifina ya gaji ya ce a tafi da ni. A bayan kekensa ya ɗauke ni zuwa Batsari ranar jarrabawar shiga sakandare, ya saya mini ƙosai, ya jira ni a gindin bishiya har na fito. Duk wani abu da na zama, daga bayan keken nan ya fara.

Na yi sakandare, na yi kwalejin horon malamai, na koyar shekaru kaɗan. Daga nan aka lura na iya tsara wasiƙa, aka ɗauke ni daga aji aka kai ni ofishin da ke kula da sha'anin malamai. Ba babban muƙami ba ne. Amma ni ke rubuta jerin sunayen waɗanda za a sauya wa wurin aiki, in kai wa shugabanmu ya duba ya sa hannu, shi kuwa mutum ne mai yawan tafiye-tafiye, ba kasafai yake canza abin da na kai masa ba. Malamai sun san haka. Mutumin da da ba ya amsa sallamata da kyau sai ga shi yana tambayar lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

A ofishin nan na tarar da wani irin Turanci da Malam bai koya mana ba, ko in ce ya koya mana shi amma ba don wannan aikin ba. In malami ya zo bin takardarsa aka ce masa "we are looking into it", a littafi ana nufin ana bincika maganar. A wurinmu ana nufin fayil ɗinsa yana ƙarƙashin wasu talatin, kuma ba a san ranar da za a ɗaga su ba. "We shall leave no stone unturned" a littafi alkawari ne na yin iyakar ƙoƙari. A wurinmu ita ce maganar da ake raka mutum da ita bakin ƙofa. "My hands are tied", wato ba yadda zan yi, ana ajiye ta ne don mai naci. Sarauniyarsu kuwa ita ce "it is in the pipeline", wato an riga an saki abu, yana kan hanya, isowa kawai ya rage. Na taɓa zama na nema musu 'yan'uwa a Hausa kamar yadda muka saba, na ga ashe duk uwarsu ɗaya, sunanta jeka ka dawo. Na iya su fiye da kowa a ofishin. Har aiko mini masu taurin kai ake yi, a ce su je wajen wancan, shi zai yi musu bayani.

Ina cikin shekara ta huɗu a wurin Malam ya yi sallama wata safiya. Na miƙe na zagayo tebur na durƙusa na gaishe shi, abokan aikina suna kallo. Ya ɗago ni yana dariya.

"Tashi, yallaɓai, kada a ce na zo na kayar da gwamnati."

Ya tsufa, amma ba tsufan ne ya tsaya mini a rai ba. Da na miƙa masa kujera sai da ya lalubi bayanta da hannu kafin ya zauna. Yanar ido ce ta fara rufe masa na dama, na hagun ma ya soma hazo. A lokacin yana koyarwa a wani ƙauye can bayan Ruma, gab da daji. Saboda halin da ake ciki na 'yan bindiga ya kwaso iyalinsa ya kama musu haya a Batsari, shi kuma yana zuwa kullum a babur, ta 'yar siririyar hanyar ƙafa mai kwazazzabai, bayan ya tambayi masu fitowa ko hanya lafiya. Shekara biyu suka rage masa ya gama aiki. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: a dawo da shi wata makaranta a cikin gari, inda zai taka da ƙafa, ya ƙarasa shekarunsa biyu a cikin aji. Ya ce ba ya son ya ajiye alli kafin lokaci, kamar wanda aka kora.

Ya ciro takardar neman sauyin daga aljihu, an rubuta ta da hannu, manyan baƙaƙe saboda idon, babu kuskure ko ɗaya. Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "In Allah Ya yarda, Malam, da an samu gurbi naka ne." Da Hausa na faɗa, kuma a ranar har zuciyata haka nake nufi.

Gurbin ya samu bayan wata biyu. Wata malama a cikin gari ta bi mijinta Katsina, wurinta ya zama babu kowa. Guda ɗaya ne tak.

Ina da ƙanin mata, shi ma malami, shi ma a wani ƙauye mai nisa. Matashi ne lafiyayye, idonsa garau, bai daɗe da aure ba. Zan so in ce an matsa mini, amma ba wanda ya matsa mini. Surukata ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni ba. Abin da ta yi kawai, ta riƙa aiko da fura ran Juma'a, in na je gaishe ta kuma ta ce yaron nan duk ya rame da zirga-zirga, amaryarsa kullum a tsorace. Matata ma sau ɗaya ta yi maganar, tana ninke kaya, ba ta ko dube ni ba. Na kwana biyu ina juya abin. Na ce wa kaina Malam mutum ne mai haƙuri, ya saba da hanyar, wata uku ba za su kashe shi ba, jeri na gaba sunansa ne na farko. Na rubuta sunan ƙanin matata. Shugabanmu ya sa hannu yana amsa waya.

Mako biyu bayan haka Malam ya leƙo ya ji inda aka kwana. A nan na fara.

Mu nan, yaro ba ya duban idon malaminsa ya ce masa babu. Ba a yi. Ko a kasuwa, in dattijo ya taya kayanka da arha ba ka ce masa a'a, albarka kake cewa. To ni ba zan iya ce wa Malam babu ba, balle in gaya masa wanda na ba. In kuma na ce akwai, na yi ƙarya tsirara, irin wadda ake tambayar mutum ya rantse a kanta. Ina tsakanin biyun nan sai na ji bakina ya ce, "We are looking into it, sir." Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Maganar ta fita sumul, ba ta taɓa ni a ko'ina ba. Ban san yadda zan bayyana wannan ga wanda bai yi boko ba, amma duk wanda ya yi ya sani: abin da kunya za ta hana ka faɗa da harshen uwarka, sai ka faɗe shi da Turanci ko gezau, kamar wani ne ya ara bakinka. A can ƙasan raina har ji nake kamar ba a rubuta wa mutum zunubin abin da ya faɗa da Turanci.

Malam kuwa fuskarsa ta washe. Ya juya wajen abokan aikina ya ce, "Kun ji ko? Ni na koya mashi." Suka yi dariya, don sun san abin da maganar take nufi a ɗakin nan. Ni ma na yi.

Haka muka yi ta yi har watanni. Yakan zo duk bayan mako biyu ko uku, mu gaisa da Hausa, in tambayi Inna, wato matarsa, da yara, da ido. Da an zo kan maganar takarda sai in sauya harshe. Yau in ce ba za mu bar dutse ba mu juya ba, da Turanci. Gobe in ce masa "red tape" ne ya riƙe abin, wato dogayen ƙa'idojin ofis. Shi kuma ya riƙa jin daɗi, don a ƙauyen da yake aiki ba shi da abokin yin Turanci. Wani lokaci har gyara mini lafazi yake. Ban taɓa jin ya yi shakka ba. Ya san 'yan ofis da jeka ka dawo, ba yaro ba ne, shekara talatin da wani abu yana aikin gwamnati. Amma bai lissafa ni cikin 'yan ofis ba.

Jerin da nake jira bai zo ba. Aka aiko daga sama cewa a dakatar da sauye-sauye sai an gama tantance malamai, ba a kuma faɗi rana ba. Na sani, na karanta takardar, ni ma na sa ta a fayil. Ban gaya masa ba.

Ranar da ta fi damuna ran kasuwar Batsari ce, ana gab da faɗuwar damina. Na fito sallar azahar na same shi zaune a benci a inuwar bishiyar bedin da ke gaban ofis, ya jingine babur ɗinsa. Ya ce in zauna, shawara ya zo nema. Ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa zuwa gare ni ba.

"Wani yaro ne," in ji shi, "ɗan ƙauyen nan da nike aiki. An kai shi wata makaranta ta bakin titi, hanyar Safana. Gonarshi tana can, iyayenshi suna can, ya matsu ya koma gida. Ya ce mu yi musanya, ni in koma tashi, shi ya dawo tawa. Ka san musanya ba ta jiran jeri, mu biyu mu sa hannu, shi ke nan. Mota ake shiga har ƙofar makarantar, ba ruwana da babur."

Na ce, "To, Malam."

"Sai dai ba kamar cikin gari ba. Kullum sai na tsaya jiran a-kori-kura, ga nisa da asibiti. Kuma in na sa hannu, sunana ya fita daga jerinku. Yaron ya ba ni zuwa Litinin, akwai wani da ke so. Shi ya sa na ce bari in tambayi mai abin. In na garin ya kusa, in haƙura in jira. In kau da saura, in amshi wanga. Mi ka gani?"

Ga ƙofa Allah Ya buɗe mini, har da shi. Kalma biyu kawai ake nema: karɓi wannan. Ba sai na tona kaina ba, ba sai na ambaci ƙanin matata ba. Da na faɗe su da yanzu ba na wannan rubutun. Amma in na ce ya karɓa, na amsa ke nan cewa duk Turancin watannin nan iska ce. Zai gane ɗalibin nasa da yake nuna wa mutane bai iya komai ba, ko kuma ya iya ya ƙi. Na dubi fuskarsa, yana jira kamar yadda yake jiran amsa a aji in ya tabbata wanda ya nuna ya sani. Girman kai ne, ba wani abu ba. Na fi son ya ci gaba da hawa babur da rabin ido a kan in ragu a idonsa.

Na ce, "Sit tight, sir. It is in the pipeline."

Ya yi murmushi ya buga cinyata. "To mi ce 'yar'uwarta?"

Na yi 'yar dariya, na duƙa ina gyara takalmi kamar wani abu ya shiga. Da ya ji shiru sai ya amsa wa kansa.

"Zauna daram, abu yana bisa hanya. Ka fara mantuwa, yallaɓai."

Ya tashi ya lalubi kan babur ɗinsa, ya ce zai ba yaron haƙuri. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana. Abin kunyar, a lokacin wani sauƙi na ji, wai ai ba ni na faɗa da Hausa ba, shi ya faɗa.

Yaron ya yi musanyarsa da wani. Damina ta sauka. Wata safiya, bayan ruwan da aka kwana ana yi, Malam ya zo gangaren wani kwazazzabo da ruwa ya ci gefensa. Masu idanu sun ga inda hanyar ta zabtare sun kauce. Shi bai gani ba. Ya faɗa, babur ya danne shi, ƙashin ƙugu ya karye. Masu zuwa gona ne suka ciro shi suka ɗora a amalanke.

Na je dubiya a cikin ayarin 'yan ofis, na tsaya daga baya-baya. Yana kwance a gidan mai ɗori, ya rame, amma da ya ji muryata sai ya ce a matso da ni. Ya ce kada in damu, ya san saura kaɗan ne takardar ta fito, Allah ne bai nufa ba. Na ce Allah Ya ba da lafiya. Ban iya ƙara komai ba, da Hausa ko da Turanci.

Ɗorin bai kama daidai ba. Bayan wata biyar takardarsa ta ajiye aiki ta iso teburina, saura kusan shekara guda lokacinsa ya cika. Wani ya rubuta masa, shi ya sa hannu, sa hannun ya hau kan layi ya karkace. Ni na buga mata hatimi. Ya kwashe iyalinsa suka koma gidan gado a Safana. Ba a yi masa ko taron sallama ba, don makarantar tasa a lokacin rabin yaran sun watse.

Na yi shekara ban je ba. Nakan aika gaisuwa, nakan ce aiki ya yi yawa. A ofis na daina Turancin nan, ba don na zama mutumin kirki ba, sai don in na buɗe baki zan yi sai maganar ta ƙi fita. Har aka daina aiko mini masu naci. Matata ta lura ba na son zuwa gidansu, ta tambaya, na ce ba komai. Ƙaninta kuwa ba shi da laifi, amma na tsani ganinsa yana tafiya makaranta da ƙafa, hannu a aljihu.

Bayan ƙaramar salla na yanke shawara zan je in faɗa masa gaskiya, da Hausa, tun daga gurbin har ranar bedi, in nemi gafara. Na shirya maganar a raina tun daga Batsari har Safana, ina bayan a-kori-kura tsakanin buhunan gyaɗa. Na isa da hantsi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ƙafar a miƙe, sanda a gefe, idanun duka biyu sun yi fari. Akwai dattawa biyu maƙwabta tare da shi. Da na yi sallama ya gane ni tun kafin in rufe baki.

"Ga shi nan," ya ce musu. "Wanda nike ba ku labari. Shi ya tsaya mani a ofis, ya yi ta fama da manya a kaina. Da ba don tsautsayi ba da ya maido ni gari."

Dattawan suka yi ta sa mini albarka. Na zauna a bakin tabarma kamar an ɗora mini dutse. Na ce a raina bari su tashi. Da suka tashi kuma sai ya kama hannuna ya juya harshe, ya ce ya yi wata da watanni bai yi Turanci da kowa ba, har tsoro yake kada ya tsere masa. Ya riƙa jefo mini maganganun ran Alhamis ina ba shi 'yan'uwansu, yana dariya har da tari. Sau biyu ina cewa, "Malam, akwai maganar da na zo da ita," yana cewa to, bari mu gama wannan. Aka kira azahar, wani maƙwabci ya zo ya kama shi suka yi gaba zuwa masallaci a hankali, ni kuma na ce bari in leƙa in gaida Inna in biyo su.

Tana tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar duka, ba ta rage komai ba, har ta tambayi matata da yara. Sannan ta ajiye rariyar.

"Ina jin ku daga nan," in ji ta. "Sau biyu kana cewa akwai magana. Na san maganar."

Ta ci gaba.

"Na je suna gidan surukanka, watannin baya, lokacin da matar yaron nan ta haihu. Uwar matarka tana ta yabonka gaban mata, wai gurbi ɗaya ya fito a gari ka ba ɗanta. Ta faɗi watan. Na lissafa. Ba ta san ko ni wace ce ba."

Na ce, "Inna, abin da ya kawo ni ke nan. Na zo in gaya mashi in roƙi gafara."

"Shi bai sani ba, kuma ba za ya sani ba. Ƙafa ta tafi, ido ya tafi, ajin da yake so ya tafi. Abin da ya rage mashi shi ne in baƙo ya zo ya ce yana da ɗalibi a ofis wanda ya tsaya mashi. Kullum sai ya faɗa. Ba za ka amshe mashi wannan ba don kai ka ji sanyi a ranka. Kayanka ne, ka riƙe abinka."

Ba ta ɗaga murya ba. Na ce to ita fa, ta yafe mini.

"Ban kai nan ba tukuna," in ji ta. "In na kai, ka ji. Amma ka riƙa zuwa kana yi mashi Turancin nan, yana jin daɗi. Tashi kada ka rasa jam'i."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Ina zuwa. Duk Asabar ta biyu nake shiga mota zuwa Safana, in zauna a bakin tabarmar nan mu yi Turanci har la'asar. In baƙo ya shigo ya ba shi labarina, ni kuma in sunkuyar da kai, baƙon ya ɗauka kunya ce irin ta ɗalibin kirki. Inna tana aiko mana da ruwa da abinci, muna gaisawa, har yau ba ta ce mini komai ba. In zan tafi sai ya lalubo hannuna ya riƙe, ya yi mini addu'a mai tsawo da Hausa, ya ce yadda na tsaya masa Allah Ya ba ni mai tsaya mini. Ni kuma in ce amin.